Karatu a Azhar: Ilimi kyauta, zaman Alƙahira da tsada

Da zarar damina ta fara ja da baya, jiragen saman da ke tashi daga Kano da Abuja zuwa Alƙahira kan kwashi matasa masu niyyar fara karatu a Jami'ar Azhar, wadda sabuwar shekarar karatunta ke kamawa tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati da malaman makarantu. Abin da ya fi jan hankalin iyayensu, bayan martabar sunan makarantar, shi ne labarin da ya daɗe yana yawo cewa karatu a Azhar kyauta ne.

Labarin yana da ƙamshin gaskiya. A tsangayoyin addini da na harshen Larabci, abin da baƙon ɗalibi ke biya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da jami'o'in kuɗi na gida. Sai dai ɗalibi ba a cikin aji yake kwana ba. Yana zaune ne a birni mai mutum fiye da miliyan 20, wanda daga 2022 zuwa yau ya sha faɗuwar darajar kuɗi, da hauhawar farashi mafi muni a tarihin ƙididdigar ƙasar, da kwararar 'yan gudun hijira daga Sudan, da tsaurara dokokin zaman baƙi. Duk wannan ya zo a daidai lokacin da Naira ke tata faɗuwar, Gwamnatin Tarayya kuma ke janye hannu daga tallafa wa masu karatu a ƙetare. Nauyin da a da waƙafi da sarakuna ke ɗauka ya koma kacokan kan uba ɗaya mai rumfa a Kantin Kwari ko mai tebur a sakatariyar jiha.

Birnin da ya saba da baƙin ɗalibai

An aza harsashin Masallacin Azhar a shekarar 970 Miladiyya, shekara guda bayan Jauhar Assiƙilli, kwamandan rundunar daular Faɗimiyya, ya ci Masar ya kuma kafa sabon birnin Alƙahira. An yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan Ramadan na 972. A 988 waziri Ibn Killis ya sa aka yanka wa wasu malaman fiƙihu albashi, aka kuma gina musu masauki kusa da masallacin. Tun daga tushe ke nan, waɗanda suka kafa wurin sun haɗa karatu da ciyarwa da makwanci. Bayan Salahuddin Al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyya a 1171, tauraruwar masallacin ta dusashe na kusan shekara ɗari, har zuwa zamanin Sarki Baibars wanda ya dawo da Juma'a a cikinsa. Daga nan ne Azhar ta zama cibiyar karatun Ahlus Sunna da duniya ta sani.

Abin da ya riƙe ta ƙarni bayan ƙarni shi ne tsarin ruwaƙi, wato sassan masauki da ke jikin masallacin. Kowace al'umma da nata: akwai na Magaribawa, da na Turkawa, da na mutanen Sham, da na mutanen Jawa daga tsibiran gabashin Asiya, akwai kuma ruwaƙin Barnawa. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa, yana da waƙafin da ake sayen gurasa da kuɗinsa ana raba wa ɗalibai kullum, rabon da ake kira jiraya. Wanda ya iso da gafakarsa kaɗai yana iya samun wurin shimfiɗa tabarma da abin sa wa a baka har ya kammala.

Mutanen wannan yanki ba su jira an yi musu ba. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya rubuta cewa a wajejen shekarun 1240 mutanen Kanem da suka biyo ta Masar a hanyarsu ta aikin Hajji sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikiyya a tsohon garin Fusɗaɗ, suka kuma riƙa aiko mata da kuɗi kusan kowace shekara. Zamanin Mai Dunama Dabalemi ke nan. Daga baya Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Muhammadu Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓi ijaza a wurin Murtala Azzabidi a birnin. A ƙarni na 20 kuma, ziyarar da Sheikh Adam Al-Ilori ya kai Azhar a 1946 ce ta share fagen kafa makarantarsa ta Markaz a 1952.

Tsarin ya sauya a zamanin Shugaba Jamal Abdunnasir. Gwamnati ta mayar da kula da waƙafai ƙarƙashin ma'aikatarta, ta gina unguwar kwanan baƙin ɗalibai da ake kira Madinatul Bu'us a yankin Abbasiyya a ƙarshen shekarun 1950, sannan doka mai lamba 103 ta 1961 ta mayar da Azhar jami'a ta zamani mai tsangayoyin likitanci da injiniya da noma da kasuwanci. A yau dubun-dubatar baƙi daga ƙasashe fiye da 100 ke karatu a matakai daban-daban na Azhar, alhali gadajen Madinatul Bu'us ba su wuce na 'yan dubbai ba, kuma waɗanda suka samu gurbin tallafi ake fara bai wa. Sauran, kowa tasa ta fisshe shi a kasuwar haya.

Shekara huɗu a takarda

Kuskure na farko da iyaye kan yi shi ne lissafa shekara huɗu. Shekara huɗu ita ce tsawon digiri a tsangayoyin Usuluddin da Shari'a da Larabci, amma ba kowa ke shiga kai-tsaye ba. Azhar tana karɓar shaidar sakandare ne idan makarantar da ta bayar da ita tana cikin waɗanda ta amince manhajarsu ta yi daidai da tata, abin da ake kira mu'adala. Wanda ba shi da irin wannan shaida sai an yi masa gwajin tantance mataki. Daga nan ana iya tura shi cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, ko kuma a mayar da shi ajin sakandare a makarantar baƙi ta Azhar. Saurayin da ya bar gida da shaidar WAEC ko NECO yana iya shafe shekara biyu ko uku ko fiye kafin ya taka ƙofar jami'a.

A cikin jami'ar ma akwai abin da ba a faɗa wa ɗalibi tun daga gida. Littattafan karatu da Larabcin littafi aka rubuta su, amma malamai da yawa kan zarce da bayani cikin Larabcin kasuwa na Misirawa, wanda kunnen da ya tashi da Ajurumiyya da Alfiyya kan ɗauki watanni bai kama shi ba. Ana jarraba haddar Alƙur'ani kowace shekara. Wanda ya faɗi darussa fiye da biyu yakan maimaita shekarar gaba ɗaya. Kowace shekarar da aka maimaita kuwa haya ce ta wata 12, da abinci, da kuɗin sabunta takardar zama.

Su kuwa tsangayoyin likitanci da haɗa magunguna da injiniya, lissafinsu dabam ne. Baƙon da ba shi da gurbin tallafi da Dala yake biyan kuɗin makaranta a can, kamar yadda ake yi a sauran jami'o'in Masar irin su ta Alƙahira da Ain Shams da Mansura. Kalmar kyauta ba ta shafe su ba ko kaɗan.

Lissafin Fam da Naira

A farkon 2022 Dala ɗaya tana daidai da Fam 15.7 na Masar. An rage darajar Fam a watan Maris na shekarar, aka sake a Oktoba, aka kuma a Janairun 2023, har Dala ta tsaya a kusan Fam 31 a banki, yayin da a kasuwar bayan fage ta doshi Fam 70 a farkon 2024. Ranar 6 ga Maris, 2024, Babban Bankin Masar ya sakar wa kasuwa farashin, Dala ta koma kusan Fam 50 a yini guda, Asusun Ba Da Lamuni na Duniya kuma ya faɗaɗa bashin da yake bai wa ƙasar zuwa Dala biliyan 8. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100 a Satumban 2023. Idan aka haɗa shekarun 2022 da 2023 da 2024, farashin kaya a biranen Masar ya ninka sau biyu.

A ƙa'ida, faɗuwar kuɗin ƙasa alheri ne ga baƙon da ake aiko wa kuɗi daga waje. Haka abin ya kasance ga waɗanda kuɗin ƙasashensu bai girgiza ba. Uban da ke Maraɗi ko Damagaram, wanda kuɗinsa na Sefa ke ɗaure da Yuro, ya ga Fam ta faɗi kusan ninki uku a gabansa yayin da farashi ya ninka biyu, ko da yake takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya wahalar da aika kuɗi.

Uban da ke Kano ko Gusau bai samu wannan sauƙi ba. A farkon 2022 Dala tana kusan Naira 415 a hukumance, kusan 570 a wurin 'yan canji. Bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji a Yunin 2023, Dala ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,500 a 2024. Idan aka buga lissafi, Fam ɗaya da take kusan Naira 36 a farashin 'yan canji a farkon 2022 ta koma wajen Naira 31 a ƙarshen 2024. Wato kuɗaɗen biyu tare suka gangara, rangwamen da aka samu bai kai ya kawo ba, sai ninkin farashin Masar ya sauka a kan mai aikawa kusan gaba ɗayansa. Wanda a da yake samun Dala a farashin gwamnati ta takardar Form A, wanda Fam ke zo masa a kan Naira 26, nasa ya fi muni, domin ya rasa rangwamen ya kuma gamu da tsadar.

Wani ma'aunin ya fi fito da abin fili ga ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma Naira 70,000 a Yulin 2024. A canjin Naira 1,500 kan Dala, bai kai Fam 2,400 ba. Mafi ƙarancin albashi a Masar ya kai Fam 7,000 a 2025, kuma su kansu Misirawa kuka suke yi da shi. Ƙaramin ma'aikacin Najeriya ko da ya tura albashinsa dungurungum, bai aika wa ɗansa fiye da sulusin abin da leburan Masar ke karɓa ba.

Ba kuma farashi ɗaya baƙo da ɗan ƙasa ke saye ba. Gurasar tallafi, wadda gwamnati ta ɗaga kuɗinta daga ƙirshi 5 zuwa 20 a Yunin 2024 bayan fiye da shekara 30 ba a taɓa shi ba, ta masu katin rabon abinci ce, wato 'yan ƙasa. Ɗalibi baƙo gurasar kasuwa yake saye. Wake da ta'amiyya da koshari, waɗanda su ne abincin talaka da ɗalibi, duk sun bi sahu. An ƙara kuɗin man fetur sau uku a 2024, aka ƙara na jirgin ƙarƙashin ƙasa sau biyu a shekarar. Ga kuma hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyi kan sauka zuwa wajen digiri 10 da dare, a gidajen da ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba.

Hanyar aika kuɗin ma da nata haɗari. Bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin Naira a ƙetare daga 2022, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi tare da iyaka. Iyaye sun koma ga tsohuwar hanya: a ba wani Naira a Kano, abokin hulɗarsa ya miƙa Fam a Alƙahira. Hanyar tana da sauri, amma a dokar Masar cinikin kuɗin waje ba ta hanyar banki ko kamfanin canji mai lasisi ba laifi ne mai hukuncin ɗauri, kuma ɗalibin da aka kama a tsakiya shi zai amsa tambaya.

Yaƙin Sudan da kasuwar haya

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. 'Yan Najeriya ba za su manta da motocin da suka kwashi ɗalibai zuwa iyakar Masar ba, inda suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su wuce Aswan, jirgin farko kuma ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. An dawo da mutum kimanin 2,500 cikin makonni kaɗan. Rufewar jami'o'in Khartum, musamman Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, ta toshe ɗaya daga cikin hanyoyi mafi araha na karatun Larabci da likitanci ga 'ya'yan Arewa, hankalin iyaye da dama kuma ya karkata Masar.

Masar ɗin kuwa ita ce ta karɓi kaso mafi girma na masu gudun yaƙin. Gwamnatinta ta ce 'yan Sudan fiye da miliyan ɗaya sun shigo. Akasarinsu ba a sansani suke ba, haya suke kamawa a unguwannin Faisal da Ain Shams da Madinatu Nasr da birnin 6 ga Oktoba. Madinatu Nasr ita ce matattarar ɗaliban Azhar, domin a nan babbar harabar jami'ar da tsangayoyin mata suke, kuma a unguwanninta na Bakwai da Takwas da Goma baƙin ɗalibai suka saba haɗa kuɗi su kama gida. Tun dokar 1996, duk sabuwar yarjejeniyar haya a Masar tsakanin mai gida da ɗan haya take, da wa'adi ya cika mai gida na iya yanka sabon farashi ko ya ce a tashi. Da masu neman gida suka yi yawa, haya ta yi tashin gwauron zabi, dillalai suka samu kasuwa. Gidan da mutum huɗu ke zaune ya koma na takwas, wasu suka ƙaura can bayan gari inda kuɗin mota ke cinye abin da aka rage a haya.

Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da masallacin, irin su Darrasa da Jamaliyya, suna cikin yankin da UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979. Zama a nan yana kusantar da ɗalibi ga zaurukan karatu, sai dai gidajen tsofaffi ne, ƙanana, kuma neman su ya fi samun su yawa.

Takardar zama

A watan Agustan 2023 Firaministan Masar, Mustafa Madbuli, ya fitar da umarnin cewa baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba su gyara matsayinsu ta hanyar biyan Dala 1,000 tare da samun ɗan ƙasa da zai tsaya musu, kuɗin iƙama kuma a biya shi daga kuɗin waje da aka canza a banki. An yi ta ƙara wa'adin, amma saƙon ya fito sarari: zamanin kau da kai ya wuce.

Iƙamar ɗalibi tana rataye ne da takardar shaidar cewa yana cikin rajistar makaranta a wannan shekara. Wanda ke jiran sakamakon gwaji, ko wanda ke tsakanin kammala cibiyar harshe da shiga jami'a, ko wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa, yana iya wayar gari takardarsa ta mutu ba tare da ya yi niyyar karya doka ba. Daga nan sai tara, sai fargabar shingen bincike. Waɗanda suka fi shiga wannan hali su ne waɗanda dillalan biza suka turo da bizar yawon buɗe ido, da alƙawarin cewa za a daidaita komai idan an isa. Takardar kuma ba ta ba da izinin aiki.

Duk da haka buƙata ta sa ɗalibai da yawa neman na kansu. Alƙahira ta zama wurin da masu hali daga Arewa ke zuwa neman magani, 'yan kasuwa kuma ke zuwa saro jallabiya da abaya da littattafai. Duk suna buƙatar tafinta da ɗan rakiya, ɗalibai ne kuma ke wannan aiki. Ana samun na cefane, wasu ma har su taimaki gida. Amma wanda ya yini a layin asibiti bai halarci darasi ba, kuma da yake ba a cika tsananta kiran suna a tsangayoyin addini ba, ba a gane ɓarnar sai ranar da sakamako ya fito. A nan ne shekara huɗu ke zama bakwai.

Abin da ke sa a jure

Tambayar da mai lissafi zai yi ita ce, me ya sa ba za a zauna a gida ba? Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello duk suna da sassan Larabci da nazarin Musulunci masu tarihi. Tun 1992 gwamnati ta kafa Ƙauyen Larabci a Ngala domin ya maye gurbin shekarar da ɗalibai ke yi a ƙasashen Larabawa, ko da yake rikicin Boko Haram ya tilasta masa komawa Maiduguri. Irin wannan hujja ce Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya kafa a 2025 lokacin da ya sanar da dakatar da shirin tallafin karatu na yarjejeniya da ƙasashen waje, wanda Masar na cikinsa, bayan da a 2024 aka zaftare alawus ɗin masu cin gajiyarsa daga Dala 500 zuwa 220 a wata. Hujjarsa ita ce bai kamata a kashe kuɗin jama'a kan darussan da ake koyarwa a gida ba.

Hujjar tana da ƙarfi a kan wasu fannoni, amma ba ta auna abin da birnin kansa ke koyarwa ba. A cikin Masallacin Azhar da zaurukan da ke kewaye da shi ana karanta manyan littattafan fiƙihu da hadisi da nahawu da ƙira'a daga bango zuwa bango, tun bayan sallar Asuba har dare, ba tare da biyan ko ƙirshi ba, a gaban malamai masu isnadi. A lungunan bayan masallacin akwai shagunan littattafai da ba su da na biyu a Afirka. Akwai Darul Kutub, babban ɗakin karatun ƙasar da aka kafa a 1870, akwai kuma bajekolin littattafai na Alƙahira da aka fara yi tun 1969. Ɗalibi yana kwana yana tashi cikin harshen da yake koyo, yana zama aji ɗaya da ɗan Indunisiya da ɗan Senegal. Mai himma yakan dawo da abin da ba a samu a aji kaɗai. Birnin dai ba ya tilasta wa kowa, kuma ba ya rasa ɗacinsa: baƙaƙen fata da dama kan koka da ba'a da tsangwama a kan titi.

Ranar dawowa

Lissafin ba ya ƙarewa a filin jirgi. Shaidar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin hukumar NYSC ta kira mutum hidimar ƙasa, kuma ana neman sakamakon sakandare mai kyau a darussa biyar. An ƙara tsaurara binciken tun bayan badaƙalar digirin Kwatano da ta sa aka dakatar da karɓar shaidun Benin da Togo a Janairun 2024. Wanda ya kammala bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa zai karɓa. Likita sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin ya taɓa marar lafiya. Digirin Shari'a kaɗai ba ya mayar da mutum lauya a Najeriya. Wanda kuma ya bar Turancinsa ya yi tsatsa zai tarar da ƙofofin aikin gwamnati da yawa a rufe, ya koma koyarwa a Islamiyya kan albashin da ba zai mayar da abin da aka kashe ba ko a shekara goma.

Darasin Kanem

Wasu ƙasashe sun gane cewa makwanci shi ne ƙashin bayan karatu a Alƙahira. Jihohin Malesiya da dama, irin su Kelantan da Johor da Kedah, suna da gidajen ɗalibansu a birnin, da jami'an da ke bin diddigin karatunsu da takardunsu. Abin da mutanen Kanem suka yi ke nan kusan shekara 800 da suka wuce. Arewacin Najeriya yana da hukumomin da aikin ya dace da su: Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, da ta Zakka da Waƙafi ta Sakkwato, da takwararsu ta Zamfara. Yana da attajiran da ke gina masallatai na ɗaruruwan miliyoyi. Faɗuwar Fam ta sa gini a Masar ya fi sauƙi ga mai Dala, kuma dokar ƙasar ta ba baƙi damar mallakar gida bisa sharuɗɗa. Bene ɗaya a Madinatu Nasr, wanda shagunan ƙasansa za su riƙa biyan kuɗin wuta da ruwa, zai iya fitar da ɗalibai da dama daga hannun dillalai shekara bayan shekara.

Damuwar da za a kawo ita ce ta riƙon amana, kuma damuwa ce ta gaskiya, domin an sha ganin dukiyar jama'a ta zama ta iyalan masu kula da ita. Maganinta sananne ne: a rubuta waƙafin a hukumance a ƙasashen biyu, a naɗa amintattu daga ɓangarori dabam-dabam, a riƙa bayyana lissafi kowace shekara, a kuma ɗaure samun gado da cin jarrabawa. Jihohin da ke tura ɗalibai su ma ya kamata su ware kuɗin shekarun karatun gaba ɗaya tun kafin a yi bikin bankwana, domin kada sauyin gwamnati ya bar yara a hannun masu gidajen haya.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan iyaye. Mai shirin tura ɗa ko 'ya sai ya tabbatar ko shaidar makarantarsu tana da mu'adala, ya ga takardar karɓa da idonsa kafin ya biya dillali, ya yi kasafin shekara shida ko bakwai da kuɗin da zai iya jure sabuwar faɗuwar canji, ya san gidan da za a zauna da wanda zai sa ido, ya kuma tabbatar sakamakon sakandare na boko yana hannu tun kafin tafiya. Guraben tallafin Azhar, waɗanda ke haɗe da makwanci da abinci, ta ofishin jakadancin Masar da hukumomin ilimi ake nemansu, kuma sun cancanci a jira su ko da za a ɗaga tafiyar zuwa baɗi.